Gatari da Shiru

A Ísafjörður rana kan yi yaji tun Nuwamba,
ta laɓe bayan dutse, sai ƙarshen Janairu a yi bikonta.
Cikin wannan duhu nake neman abincina.
Ni ne mai haɗa sauti a gidan rediyo:
ɗaki ɗaya, makirufo biyu, da akwatin tarkace.

Ran Talata labarin kakanninmu ne.
Wani ya kashe wani kan gungumen da teku ya tofo,
ɗan mamacin ya girma da gatari ƙarƙashin matashi.
In lokacin sara ya yi, kabeji nake ɗorawa kan katako,
in ɗaga wuƙa, in jira Ketilbjörn ya ja numfashi.
Caɓ!
Kai ya rabe biyu. Da dare mu yi miya da shi.
Garin sitaci cikin safa shi ne taku kan dusar ƙanƙara,
tsohuwar laima ita ce fiffiken hankaka,
ƙofar da ke kuka kuwa tamu ce,
na hana kowa sa mata mai.

Ran Alhamis labarin mabiya Buddha ne.
Lamduan ta kawo shi, mai gyaran kifi a masana'anta,
daga bakin kakarta, can Isan,
ta ba mu shi hannunta na warin gishiri:
wani sufi aka cinna wa bukkarsa wuta cikin dare,
ya hango mai cinnawar yana rawar ɗari bayan itace,
ya ce masa, "Matso mana, ga wuta."

Nan aikina ya cije.
Da me ake yin ƙarar mutumin da ya fasa ramuwa?
Na gwada ruwa. Na gwada ƙararrawa.
Lamduan ta girgiza kai: "Ya yi yawa."
Sai na murza takarda, wuta ta ci,
na ɗauke hannu, na ƙirga bakwai.
Injiniyarmu ta zabura, a zatonta waya ce ta tsinke.

Aljihunmu bai kai 'yan wasa biyu ba.
Ketilbjörn ne mai gatari, shi ne kuma sufin.
Makon da mura ta kama shi
tari ɗaya suka yi, Talata da Alhamis,
asiri ya tonu har gonakin bayan dutse.

Wasiƙa ta zo, rubutun tsohuwa, wai Hallveig:
"Kun raina mu. Ashe mutum ɗaya ne.
Na ji tarin, tumakina ma sun ji.
Shekara goma sha tara ban ce wa ƙanena ci kanka ba,
kan shingen da babanmu ya kafa a karkace.
Talata nakan kwana da gaskiyata,
Alhamis barci ya ƙi zuwa.
Ku zaɓi ɗaya, ku bar ni in huta.
Kuma dokinku ba doki ba ne,
namu ba haka suke taku ba."

Kan dokin dai ta kama ni, ɓawon kwakwa ne.
Zaɓin kuwa ba mu yi ba.
Ko ta taka zuwa gidan ƙanen, ko shingen na nan a karkace,
ban sani ba, ba ta sake rubutowa ba.
Wasiƙar tana cikin akwatina.
Takardarta busasshiya ce, ta fi kowace iya kama wuta,
da ita nake ƙona bukkar sufi yanzu.

Talatar da ta wuce na ɗaga wuƙa,
Ketilbjörn ya ja numfashi,
hannuna ya tsaya a sama.
Ɗaya, biyu, uku,
injiniya na harara ta cikin gilashi,
Ketilbjörn ya shaƙe, fuska ta yi ja,
huɗu, biyar.
Na sare shi dai.
Mutum shida ke jiran miya.